Hayaniya a Ƙarƙashin Ruwa: Giwayen Teku a Mashigin Gini da Rabon Maiduguri a Aikin Sauraro

Tsakure

Maƙalar nan ta duba abin da binciken shekara hamsin ya tabbatar game da illar ƙarar jiragen ruwa, da bindigogin iska na masu neman mai, da na'urorin sona na sojan ruwa, a kan manyan dabbobin teku masu shayarwa da ake kira wel, waɗanda za a riƙa ambata a nan da giwayen teku. Ta kawo maganar gida, wato Mashigin Tekun Gini, inda masu doro daga cikinsu suke zuwa haihuwa a ruwan da Nijeriya take haƙar mai. Matsayarta ita ce sauraro shi ne ƙofar shiga kimiyyar teku mafi sauƙin kuɗi, kuma cibiyoyin ilimi na Maiduguri suna iya shiga ta wannan ƙofa daga inda suke, su fara da Tafkin Chadi da madatsar ruwa ta Alau.

Gabatarwa



Daga unguwar Lamisula ta Maiduguri zuwa gaɓar teku a Legas ya haura kilomita 1,000, don haka duk wanda ya tambayi dalilin kawo wannan batu a Maiduguri ya yi tambaya a kan hanya. Amsar farko tana ƙarƙashin ƙafafunmu. Tudun yashin nan da masana ƙasa suke kira Tudun Bama, wanda ya ratsa ta Maiduguri, tsohuwar gaɓa ce ta babban Tafkin Chadi na zamanin da, lokacin da faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 350,000, shekaru dubu shida zuwa bakwai da suka wuce. Kwale-kwalen Dufuna da wani makiyayi ya gano a 1987 a ƙasar Yobe ta yanzu, wanda masanan Jami'ar Maiduguri da na Frankfurt suka tono a 1994, ya kai shekara 8,000. Mutanen wannan yanki sun daɗe da sanin babban ruwa. Labarin Annabi Yunus, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kowane yaro ya ji shi a makarantar allo, kuma ambar ɗin da masu haɗa turare suka daɗe suna darajawa daga cikin hanjin wata giwar teku yake fitowa.

Amsa ta biyu ta fi nauyi a wurina. Kason da Jihar Barno take karɓa kowane wata daga asusun tarayya yana ɗauke da kuɗin man da ake zuƙowa daga Bonga da Agbami da Egina, rijiyoyin da suke can cikin teku mai zurfi. Kowace daga cikinsu sai da aka yi watanni ana harba sauti cikin ruwa kafin a san inda za a huda. Wanda yake cin moriyar abu yana da haƙƙin sanin ɓarnar da ake yi wajen samo shi, kuma yana da alhakin rage ta.

Yadda sauti yake tafiya a ruwa

Haske ba ya yin nisa a teku. Da an nutsa mita 200 ya kusa ƙarewa, a mita 1,000 kuwa duhu ne ƙirin. Sauti shi ne yake da hanya a buɗe. A iska yana gudun kusan mita 340 a daƙiƙa, a ruwan teku kusan mita 1,500, kuma idan mai kauri ne, wato mai ƙarancin kaɗawa, ruwa ba ya shanye shi sai kaɗan. A shekarun 1940 Maurice Ewing da J. Lamar Worzel suka nuna cewa akwai wani rukunin ruwa a zurfin kusan mita 1,000 inda zafi da matsin ruwa suke haɗuwa su lanƙwasa sauti, su hana shi taɓa sama ko ƙasa, har ya yi tafiyar dubban kilomita. A 1971 Roger Payne da Douglas Webb suka yi lissafi a kan kiran giwar teku da ake kira fin, wanda kaɗawarsa take wajen hez 20, suka ce kafin zuwan jirage masu farfela wannan kira yana iya isa ga 'yar uwarta da ke ɗaruruwan kilomita, wani lokaci fiye da haka. A shekarar ce kuma Payne da Scott McVay suka wallafa a mujallar Science cewa kukan mai doro yana da tsari, da baitoci masu maimaituwa, har ya cancanci a kira shi waƙa.

Waɗannan dabbobi gida biyu ne. Masu tata, irin su shuɗiya da fin da mai doro, ba su da haƙora, suna tace ƙananan halittu daga ruwa, kuma da murya mai kauri suke neman juna. Masu haƙora, irin su mai ƙaton kai da masu dogon baki da dolfin, suna harba ƙyas-ƙyas mai tsini su saurari amsa-kuwwarsa, da haka suke gane abinci a cikin duhu. Ga dukkansu kunne ne yake yin aikin da ido yake mana.

Akwai kuskuren da ake yawan yi wajen ma'auni, gara a kauce masa tun yanzu. Desibel na ruwa da na iska ba a kan tushe ɗaya ake ƙirga su ba. Idan ana son kwatantawa sai an cire kusan 62 daga na ruwa. Sannan ma'aunin ninkawa yake yi: ƙarin desibel 10 yana nufin ƙarfin sauti ya ninka sau goma. Ƙaramin adadi a takarda babban canji ne a cikin ruwa.

Abin da hayaniya take yi musu

Jiragen dakon kaya su ne tushen ƙarar da ba ta yankewa. Yawancinta daga farfela take fitowa: idan tana juyawa da sauri sai ta haifar da ƙananan kumfa, su kuma su yi ta fashewa. Ƙarar tana tsakanin hez 10 zuwa 'yan ɗaruruwa, daidai inda masu tata suke kiran juna. McDonald da Hildebrand da Wiggins sun auna wuri ɗaya kusa da tsibirin San Nicolas a gaɓar Kalifoniya, suka kwatanta 2003 zuwa 2004 da awon da sojan ruwan Amurka ya yi a 1964 zuwa 1966. Sun tarar da ƙarin desibel 10 zuwa 12 a tsakanin hez 30 da 50. Cikin shekara arba'in ƙarfin ƙarar ya ninka fiye da sau goma, alhali wasu daga cikin dabbobin da suka ji shirun farko suna nan da ransu.

Illa ta farko ita ce danne murya. Uwa ce take kiran ɗanta daga ƙofar gida a Lamisula, ga injin niƙa yana aiki a tsakaninsu: muryarta tana nan, kunnen yaron lafiyarsa lau, amma kiran ba ya isa. Leila Hatch da abokan aikinta sun ƙiyasta a 2012 cewa wani jinsi na giwayen teku na arewacin Atlantika da ke kiwo kusa da Boston sun rasa kashi 63 zuwa 67 cikin ɗari na filin da muryarsu take iya kaiwa a da. Susan Parks ta nuna cewa wannan jinsi yana ɗaga murya idan ƙara ta yi yawa, kuma kiransa ya ƙara tsini idan aka kwatanta da na shekarun 1950. Ɗaga murya yana cin ƙarfi, kuma yana da iyaka.

Wani zai ce ai sun saba. Binciken Rosalind Rolland ya amsa wannan. Tawagarta tana aiki a Mashigin Fundy na Kanada, tana tattara kashin giwayen teku don auna sinadaran da jiki yake fitarwa idan yana cikin matsi, sai harin 11 ga Satumba 2001 ya faru, zirga-zirgar jirage ta ragu na wasu kwanaki. Ƙarar ruwan ta sauka da desibel 6, kuma sinadaran matsin suka sauka tare da ita, abin da ba a gani ba a shekarun da suka biyo baya. An wallafa sakamakon a 2012. Darasin da ke ciki shi ne dabba tana iya ci gaba da zama a wuri mai hayaniya saboda abincinta yana can, jikinta kuma yana biyan kuɗin zaman a ɓoye.

Sonar sojan ruwa kuwa kisa take yi a fili. A watan Mayu 1996 giwayen teku 12 masu dogon baki suka faɗo gaɓar Kyparissia a Girka a lokacin da wani jirgin NATO yake gwajin sona, kuma Alexandros Frantzis ya haɗa abubuwan biyu a mujallar Nature a 1998. A watan Maris 2000 dabbobi 17 suka faɗo gaɓar Bahamas bayan jiragen yaƙin Amurka sun ratsa wani mashigi da sona a kunne. An ga jini a kewayen kunnuwan waɗanda aka feɗe, kuma rahoton da rundunar ta fitar tare da hukumar NOAA a 2001 ya amince cewa sonar ce ta jawo. A Satumba 2002 abin ya sake faruwa a tsibiran Kanari: 14 suka faɗo cikin 'yan sa'o'i da fara atisaye. Likitocin dabbobi na Jami'ar Las Palmas, ƙarƙashin Antonio Fernández, suka tarar da kumfar iska a jijiyoyi da hanta da ƙoda. Masu dogon baki su ne gwanayen nutso, an taɓa auna wani a zurfin mita 2,992. Fassarar da ta fi karɓuwa ita ce firgici yana sa su rikita tsarin nutsonsu, sai iskar da ta narke a jini ta tashi ta zama kumfa. Sifaniya ta hana amfani da irin wannan sona a kewayen tsibiran a 2004, kuma daga nan aka daina ganin faɗowar taro irin wancan a wurin. Ina ganin babu hujjar da ta fi wannan ƙarfi a fagen baki ɗaya: an cire sanadi, illa ta tsaya.

Saura bindigar iska, wadda ita ce ta fi shafar mu. Jirgin neman mai yana jan jerin bututu masu cike da matsattsiyar iska, ya sake su lokaci ɗaya kowane daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar, dare da rana, makonni ko watanni. Sautin yana ratsa ruwa, ya shiga duwatsun ƙasan teku kilomitoci, ya dawo, daga amsa-kuwwar ake zana taswirar inda mai yake kwance. Sharon Nieukirk da abokan aikinta, da suka saurari tsakiyar Atlantika daga 1999 zuwa 2009, sun ji bugun waɗannan bindigogi daga nisan kusan kilomita 4,000, kuma gaɓar Afirka ta Yamma tana cikin wuraren da bugun yake fitowa. Kifi ma yana gudu. A Tekun Barents na Norwe, Engås da abokansa sun nuna a 1996 cewa kamun masunta ya faɗi da kusan rabi bayan an fara harbi, har nisan mil 18 na teku, kuma kwana biyar da tsayawa bai dawo ba. A 2017 Robert McCauley ya ba da rahoton mutuwar ƙananan halittun da kifi yake ci har nisan kilomita 1.2 daga bindiga ɗaya tak a gaɓar Tasmaniya. A nahiyarmu kuma akwai abin da ya faru a Madagaska a 2008, inda kusan dabbobi 100 suka kutsa cikin ƙoramar Loza mara zurfi, aƙalla 75 suka mutu. Kwamitin masana ya yanke a 2013 cewa na'urar awon ƙasan teku ta wani jirgi da ke yi wa kamfanin mai aiki ita ce mafi kusantar zama sanadi.

Mashigin Tekun Gini

Giwayen teku masu doro na kudancin duniya suna cin abinci a ruwan sanyi na Antaktika. Idan hunturun can ya shigo sai su nufo arewa, su iso gaɓar Angola da Gabon da Kamaru da Nijeriya da Binin da Togo daga wajen Yuli, su zauna har Oktoba ko Nuwamba. A nan maza suke waƙa, a nan mata suke haihuwa. Koen Van Waerebeek da abokan aikinsa sun rubuta a 2001 cewa Mashigin Binin, wanda gaɓar Legas take cikinsa, wurin haihuwar wannan al'umma ne. Howard Rosenbaum da tawagarsa sun maƙala wa wasu na'urar bibiya ta tauraron ɗan'adam a gaɓar Gabon, suka nuna a 2014 cewa hanyoyinsu suna bi ta tsakiyar filayen mai da hanyoyin manyan jirage. Turawa masu farauta sun karkashe wannan al'umma a gaɓar Gabon har cikin shekarun 1950, sai da aka hana farautar ta fara farfaɗowa.

Halin da mai jego take ciki a wannan ruwa ya kamata a tsaya a kansa. Ta yi tafiyar dubban kilomita da ciki. A ruwan ɗumi babu abincin da zai ƙosar da ita, don haka daga kitsen jikinta take rayuwa, daga shi take shayarwa, kuma da abin da ya rage za ta koma kudu da ɗanta. Duk gudun da ta yi don kauce wa ƙara daga wannan ajiya ake cire shi. Simone Videsen da abokan aikinta, da suka yi aiki a Mashigin Exmouth na Ostireliya, sun gano a 2017 cewa jariri da uwarsa a hankali suke magana, da muryar da ba ta yin nisa, wataƙila don kada masu farautarsu su ji. Muryar da aka yi ta don kada ta yi nisa ita ce ta farko da ƙarar jirgi za ta haɗiye, kuma jaririn da ya rabu da uwarsa a wannan lokaci ba ya rayuwa.

Bincike mafi kusa da mu a kan wannan shi ne na Salvatore Cerchio da abokan aikinsa a arewacin Angola. Sun ajiye na'urorin sauraro a ƙasan teku daga Maris zuwa Disamba 2008, suka nuna a 2014 cewa duk lokacin da bugun bindigar iska ya ƙaru, yawan mazan da ake ji suna waƙa yana raguwa. Al'umma ɗaya ce da wadda take zuwa ruwanmu.

Gaɓar Nijeriya ta kai kusan kilomita 853. A kanta akwai Apapa da Tin Can da Onne, da tashar gas ta Bonny wadda take lodi tun 1999, da tashar Lekki mai zurfi da aka buɗe a Janairu 2023, da matatar Dangote da manyan tankoki suke zuwa wa. A watan Agusta 2023 aka kafa ma'aikatar tarayya ta musamman don teku da tattalin arzikinsa. Duk wannan ci gaba ne da nake maraba da shi, kuma kowane ɓangarensa ƙarin ƙara ne a ruwa. Kusa da gaɓa kuma akwai dolfin mai doro na Atlantika, wanda babu shi ko'ina a duniya sai gaɓar yammacin Afirka, wanda ƙungiyar IUCN ta sa a jerin masu dab da ƙarewa a 2017. Hujjojin da na kawo a sama daga ƙasashen waje suka fito, irin su Angola da Gabon da Kanada. Ƙasar da take da Cibiyar Binciken Teku a Victoria Island tun 1975 ya dace ta kawo nata awon, wata bayan wata, daga Badagry zuwa Calabar.

Abin da ake yi a wasu wurare

Hayaniya ta bambanta da man da ya malala ko robar da aka zubar, domin da an kashe injin ta tafi. Hukumar Jiragen Ruwa ta Duniya ta fitar da jagorar rage ƙara a 2014, ta sabunta ta a 2023, sai dai shawara ce, ba ta tilasta kowa. Tashar Vancouver ta fara roƙon jirage su rage gudu a mashigin Haro tun 2017, kuma awo ya nuna ƙarar ta ragu. Russell Leaper ya lissafa a 2019 cewa rage gudun jiragen duniya da kashi 10 cikin ɗari zai rage ƙarfin ƙararsu da kusan kashi 40, ga kuma sauƙin mai. Ingila ta daɗe da ƙa'idar cewa kafin a fara harbi mai lura zai duba kewayen mita 500, sannan a fara da ƙaramin ƙarfi a riƙa ƙarawa cikin minti 20. Wannan ƙa'ida tana da amfani, amma ido ba ya gani da dare, kuma mita 500 ba komai ba ne ga sautin da ake ji a wata nahiya. Abin da ya fi aiki shi ne raba lokaci da wuri. Gabon ta keɓe kusan kashi 26 cikin ɗari na ruwanta a 2017 don kare halittun teku.

Rabon Maiduguri

Neman mai da sauti ba baƙon abu ba ne a Barno. An yi shi a kan tudu a Kwarin Chadi shekara da shekaru, kuma Jami'ar Maiduguri ta rasa ma'aikatanta a harin da aka kai wa tawagar binciken mai a yankin Magumeri a Yuli 2017. Allah ya jiƙansu da rahama. Ina ambaton su ne don a san cewa ilimin karanta amsa-kuwwa yana nan a garin nan, an kuma biya shi da tsada. Lissafin da masanin ƙasa yake yi don ware saƙo daga hayaniya shi ne wanda mai sauraron giwar teku yake yi.

Sannan ruwanmu mai daɗi ba kurma ba ne. Duk masuncin Baga ya san kukan da ƙurungu yake yi idan an ɗago shi, yana gurza ƙayar fiffikensa a gurbinta, kuma a cikin ruwa ma haka yake yi. Tarwaɗa da ƙurungu da tsage suna cikin kifayen da suke da jerin ƙananan ƙasusuwa masu haɗa jakar iska da kunnen ciki, waɗanda Ernst Weber ya bayyana a 1820, shi ya sa jinsu ya fi na yawancin kifaye. Namijin karfasa yana yin sauti a kan ramin da ya haƙa. A jikin yauni ne Hans Lissmann ya gano a 1951 cewa kifi yana iya fitar da lantarki mara ƙarfi don gane abin da ke kewaye da shi. Masunta sun san kifi yana ji tun kafin kowane masani, shi ya sa suke dukan ruwa su kora shi cikin raga. Dorina tana kira a sama da ƙarƙashin ruwa. Ayu kuwa, wanda ake samu a Binuwai da Neja da tafkin Léré na Chadi, dabba ce mai wuyar gani a ruwa mai laka, kuma a Tafkin Ossa na Kamaru masu bincike, tare da ƙungiyar da Aristide Takoukam Kamla ya kafa, sun koma neman sa da kunne, suka wallafa bayanin muryarsa a 2021.

Injin kwale-kwale ya cika tafki da koguna. Stephen Simpson da abokan aikinsa sun nuna a 2016, a gaɓar Ostireliya, cewa idan jirgi mai inji yana wucewa ƙananan kifaye ba sa zabura da wuri, kuma waɗanda ake cinyewa sun ninka. Wannan tambaya ce da ɗalibin digiri na biyu zai iya yi wa 'ya'yan karfasa da tarwaɗa a Alau, da inji ɗaya da keji biyu. Amsarta ta shafi kowace kwali ta banda da ake saukewa a Tashar Baga.

Kayan aikin sun yi araha. Na'urar HydroMoth, wadda ta samo asali daga aikin masu bincike na Southampton da Oxford, ba ta kai dala 200 ba, kuma tana kwanaki tana ɗaukar sauti da batir. A yankin da tsaro ya taƙaita shiga ruwa, na'urar da za a ɗaure a turke a dawo a ɗauka ta fi tawagar da za ta kwana a tsibiri. Muna da Kwalejin Tarayya ta Fasahar Kifin Ruwa Mai Daɗi ta Baga, da sashen kifi na Jami'ar Maiduguri, da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da aka kafa a 1975, da Hukumar Tafkin Chadi da ke N'Djamena tun 1964. Jacques Blache ya lissafa kifayen wannan kwari a 1964, lokacin da tafkin yake kusan murabba'in kilomita 25,000. Kundin muryoyinsu shi ne aikin da ya kamata wannan zamani ya ƙara a kan nasa, kuma a ganina masuntan da aka raba da garuruwansu, waɗanda da yawansu suke zaune a cikin Maiduguri, su ne malaman farko da za a zaunar a saka musu sautin su faɗi mai shi.

Tekun ma ana iya sauraron sa daga nan. Hukumar da ke sa ido kan gwajin makaman nukiliya tana da na'urorin sauraro a kusa da tsibirin Ascension a kudancin Atlantika, suna ɗaukar kiran giwayen teku da bugun bindigar iska, kuma masu bincike suna iya neman bayanan. A 2020 masanan Norwe suka yi amfani da wayar intanet da ke shimfiɗe a ƙasan teku a Svalbard suka ji kiran giwayen teku a tsawonta. Irin waɗannan wayoyi, MainOne da Glo-1 da WACS da Equiano, a Legas suke sauka. Babban aikin wannan fage yanzu shi ne tace dubban sa'o'in sauti a kwamfuta, kuma wannan ba ya bukatar mutum ya taɓa shiga jirgi. Yana bukatar lissafi, da haƙuri, da wutar lantarki.

Abin da ya kamata a nema daga hukuma

Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta riga ta ba da madafa. Abin da nake roƙo shi ne a sa sautin ƙarƙashin ruwa a cikin abin da dole a auna kafin aiki da lokacin aiki, kuma hukumar NUPRC, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa, ta tsara lasisin harbi yadda zai kauce wa watannin Yuli zuwa Oktoba a ruwan da bai yi zurfi ba, inda masu jego suke zama. Kamfani yana iya jira wata huɗu, haihuwa ba ta jira.

Akwai kuma batun gawa. Lokaci zuwa lokaci giwar teku takan faɗo gaɓa a Bayelsa ko Legas, jama'a su taru da adduna, kafin wani masani ya iso an yanyanka ta. Ban zargi mai neman nama ba. Amma kunnen ciki yana lalacewa cikin sa'o'i kaɗan bayan mutuwa, kuma abin da ya sa aka gane gaskiyar Kanari shi ne likitoci sun isa da wuri. Ana bukatar lambar waya ɗaya da masuntan gaɓa suka sani, da likitocin dabbobi da aka horar, kuma Jami'ar Maiduguri tana da tsangayar likitancin dabbobi da za ta iya ba da nata mutanen.

Manyan kamfanoni da yawa suna ɗaukar masu lura da dabbobin teku a jiragen bincikensu, suna rubuta abin da suka gani da abin da suka ji, da rana da wuri. Ya kamata sharaɗin lasisi ya ce kwafin kowane irin wannan rahoto, tare da ɗanyen sautin da aka ɗauka, a ajiye shi a Cibiyar Binciken Teku ta Legas cikin shekara ɗaya da gama aiki, kuma a buɗe shi ga kowace jami'ar ƙasar nan, har da ta Maiduguri.